Kaya Suna Kan Ruwa: Mene Ne Ke Riƙe da Su?

A Kantin Kwari ko Ƙofar Ruwa, in ka tambayi ɗan kasuwa labarin kayan da ya yo oda daga Caina, amsar da za ka fi ji ita ce, "Suna kan ruwa." Da an faɗi haka sai hankali ya kwanta, a koma lissafin kuɗin kwastam da na motar da za ta kwaso su daga Apapa ko Onne, ko daga Kwatano da Lome in mutumin Maraɗi ne. Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ke riƙe da kayan nan a tsawon makonnin da suke yi a teku.

A daren 30 ga Nuwamba, 2020, wani ƙaton jirgi mai suna ONE Apus, wanda ya taso daga Caina ya nufi Amurka, ya gamu da mummunar igiyar ruwa a tsakiyar tekun Fasifik. Kafin gari ya waye kwantena 1,816 sun zube cikin teku. Waɗanda suka rage a sama kuwa sun ruguje, wannan kan wancan, har sai da jirgin ya juya akala ya koma Kobe ta Japan, inda aka shafe watanni ana zare su ɗaya bayan ɗaya. Kowace kwantena daga cikinsu jarin wani ce, kuma a daren nan mai ita yana gida yana barci, a ransa kayansa suna kan ruwa.

Mu mutanen tudu muna ɗaukar jirgin ruwa abu ne mai sulalewa a hankali. Ba haka teku take ba. Jirgi yana karkata dama ya dawo hagu, yana dulmiya kai ya ɗaga baya, yana hawa ya sauka da dukan jikinsa, duk a lokaci guda. A ce kowane daƙiƙa 15 yake kammala tangaɗi ɗaya, to a kwana guda ya yi fiye da sau 5,000, ga kuma girgizar inji da ba ta tsayawa dare da rana. Duk wanda ya taɓa labta wa jaki mangala ya san ƙa'idar: in ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko igiya ta ɗan saki, tafiyar da kanta za ta yi ta sassauta ɗaurin har kaya su zube. Abin da ya bambanta shi ne a teku babu inda za a tsaya a sauke a sake ɗauri.

Kafin 1956 yawancin kaya buhu-buhu da akwati-akwati 'yan dako suke loda su a cikin jirgi, su toshe tsakani da katako. A watan Afrilun wannan shekara wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcolm McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston, daga nan zamanin kwantena ya fara. Daga baya aka daidaita girmanta a duniya: tsawon ƙafa 20 ko 40, faɗin ƙafa 8, nauyinta da kayan ciki kuma yawanci ba ya wuce tan 30 da 'yan kai. Ƙarfinta duka yana ga kusurwoyinta takwas, inda aka yi mata dungun ƙarfe mai rami. Ta nan ƙugiya ke ɗaga ta, ta nan ake kulle ta, ta nan kuma take ɗaukar nauyin na samanta. Bango da rufi kuwa falle ne kawai.

A can cikin cikin jirgi babu wata matsala sosai, domin akwai dogayen ƙarafa a tsaye da kwantena ke zurawa a tsakaninsu, ba ta da wurin motsi. Aikin yana saman jirgi, inda ake jera su hawa-hawa a sarari, a manyan jirage har hawa goma ko fiye. A kowace kusurwa ana sa wani makulli da ake murɗawa, ya haɗa ta sama da ta ƙasa. Sannan a kawo sandunan ƙarfe a gicciya su daga kusurwar kwantena zuwa jikin jirgi, a murza noti har sandar ta ɗame. Leburori ne suke wannan aiki da hannu, cikin ruwan sama ko tsakar dare, a 'yan lungunan da ke tsakanin jerin kwantenoni, da sandunan da ke da nauyin gaske, kuma yana daga cikin ayyuka mafi hatsari a tashar jiragen ruwa. Sandunan nan hawa na ƙasa-ƙasa kaɗai suke kaiwa. Na can ƙololuwa ba abin da ke riƙe da su sai makullan kusurwa huɗu. (Irin makullan nan ne a kan tirela, kuma barin su a buɗe na daga cikin abin da ke sa kwantena ta faɗo a titi. A watan Janairun 2023 wata ta rikito kan motar fasinja a Ojuelegba ta Legas, mutum 9 suka rasu.)

Saboda haka ba a jera kwantena yadda aka ga dama. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Tun kafin jirgi ya iso tasha akwai masu tsara inda kowace za ta zauna, kuma kwamfutar jirgi tana lissafa ƙarfin da zai hau kan kowace sanda da kowane makulli. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974, wadda aka fi sani da SOLAS, ta wajabta wa irin waɗannan jirage su riƙe littafin da ya fayyace yadda za a ɗaure kayansu, wanda hukuma ta amince da shi. Sai dai kwamfuta ba ta ɗaga kwantena ta ji nauyinta. Adadin da aka rubuta mata shi take aiki da shi.

An ga illar wannan a watan Janairun 2007, lokacin da jirgin MSC Napoli ya tsage a mashigin ruwan Ingila aka jawo shi gaɓa. Masu bincike suka samu damar da ba a saba samu ba, suka ɗora kwantena 660 na saman jirgin a sikeli. Guda 137 sun saɓa wa abin da ke takarda da fiye da tan 3 kowace, akwai ma wadda bambancinta ya kai tan 20. Wato ɗaya cikin kowace biyar ƙarya ce ko ganganci. Ka ƙaddara kwantena mai tan 25 da aka rubuta tan 10, mai tsari ya ɗauka marar nauyi ce ya kai ta hawa na takwas. Duk lissafin wannan jeri ya rushe ba tare da kowa ya sani ba. Bayan shekaru ana ja-in-ja, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta kafa dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2016: ba a ɗora kwantena a jirgi sai mai kaya ya ba da tabbataccen nauyinta, ko dai ya auna ta bayan an gama lodi, ko ya auna kayan ciki duka ya haɗa da nauyin akwatin da ke rubuce a ƙofarta.

Akwai wani abu a nan da hankali ba ya saurin kamawa. Kowa ya san in nauyi ya yi yawa a sama jirgi zai yi nawar dawowa in ya karkata, har ya iya kifewa. Amma in nauyi ya taru a ƙasa fiye da kima ma matsala ce, domin jirgin zai riƙa fizgowa da ƙarfi duk lokacin da ya karkata, kuma kwantenonin ƙololuwa su ke shan wannan fizga. Hakan na cikin abin da masu bincike suka gano game da jirgin MSC Zoe, wanda ya zubar da kwantena 342 a arewacin Holan da Jamus a daren farkon shekarar 2019, har mutanen tsibiran wurin suka wayi gari da takalma da talabijin da kayan wasan yara birjik a bakin teku. Akwai kuma yanayin da igiyar ruwa ke zuwa ta gaba ko ta baya, tsawonta ya yi daidai da tsawon jirgi, sai jirgin ya fara wani irin tangaɗi farat ɗaya, cikin 'yan mintuna ya kai karkatar da ba sandar da za ta jure. Irin wannan tangaɗi ne ya samu jirgin APL China a 1998. A ganina jiragen yanzu, masu tsawon mita 400 da ke ɗaukar kwatankwacin ƙananan kwantena 24,000, sun girma sun bar dabarar ɗaurin a baya, domin har gobe makulli ne da sanda da hannun lebura.

Kada a ce na tsorata mutane. Ana jigilar kwantena kusan miliyan 250 a shekara, kuma ƙungiyar manyan kamfanonin jiragen ta ce 221 ne suka faɗa teku a 2023. Yiwuwar kwantenarka ta nutse kaɗan ce ƙwarai. Asarar da ta fi yawa ba ta shiga labarai, domin tana faruwa ne a cikin akwatin da ya iso lafiya ƙalau, da hatiminsa, aka buɗe aka tarar da tarkace. Kamfanin inshorar sufuri na TT Club ya daɗe yana cewa kusan kashi biyu cikin uku na lalacewar kaya daga mugun lodi ne. Wannan kuwa ba aikin kyaftin ba ne. An yi shi tun a sito, a Gwanzu ko Dubai, ko a Dawanau in kayan fita ne.

Babban abokin gabar kaya a cikin kwantena shi ne sarari. Kwalin da ya samu tazarar taƙi ɗaya zai yi ta kai da komowa yana dukan na kusa da shi sau dubbai, tazarar tana ƙaruwa, dukan yana ƙara ƙarfi. Ƙa'idar lodi ta duniya da aka fitar a 2014 ta ce in an tattara duk giɓin da ke tsakanin kaya daga bango zuwa bango kada ya wuce santimita 15. Abin da ya saura a cike shi da katako, ko kwali, ko jakunkunan iska da aka yi don haka. Ta kuma ce kada a tara fiye da kashi 60 cikin ɗari na nauyi a rabin tsawon kwantena. Mai tayil da ya cika ƙuryar ciki da tayil ya bar kwalayen roba a bakin ƙofa ya ba mai ƙugiya akwatin da zai ɗagu a karkace, ya kuma ba direban tirela kayan da za su iya kayar da shi a kwana.

Kaya masu nauyi a dunƙule, irin injin niƙa, ko babban janareta, ko naɗaɗɗen ƙarfe, su suka fi ban tsoro. Daɓen kwantena katako ne a kan ƙarafa, in aka ɗora tan goma a wuri ɗaya ba a shimfiɗa gungumen katako an raba nauyin ba, zai iya ɓurmawa. Zobban da ke ƙasan bango, inda ake ɗaura igiya ko sarƙa, yawanci tan ɗaya-ɗaya aka yi su su riƙe, na sama kuwa rabin haka. Wanda ya ɗaure injin tan takwas da igiya biyu a zobba biyu ya yi ado ne kawai. Irin wannan inji in ya ƙwace a teku yakan fasa bango ya fito, kwantenar da bangonta ya fashe kuwa ba ta iya ɗaukar na samanta, sai jerin duka ya durƙushe, ya tafi da na maƙwabta. Motocin da ake lodawa a kwantena ma haka: burkin hannu ba ɗauri ba ne, sai an kafa katako a gaban kowace taya da bayanta, an kuma ɗaure ta kusurwa huɗu. Sannan a tuna da bakin ƙofa. Ya kamata a tokare layin ƙarshe da katako ko raga, don ba a yi ƙofa domin kaya su jingina da ita ba, kuma ɗan dakon da zai zare sakata a Kano yana tsaye ne daidai inda za su zubo.

Masu fitar da riɗi, citta, zoɓo, ƙaro da fatu suna da tasu damuwar, wato gumi. Ana lodi a cikin zafi, jirgi ya shiga ƙasashen sanyi, danshin da ke cikin buhu da katako ya tashi ya taru a rufin ƙarfe, ya riƙa ɗiga a kan kaya kamar ɗaki mai yoyo. Sai a isa Turai ko Japan a tarar layin sama ya yi funfuna, mai saye ya ƙi karɓa. Maganin ba mai tsada ba ne: kaya su bushe sosai kafin a zuba a buhu, a shimfiɗa takarda mai kauri a bango da sama, a rataya jakunkunan da ke tsotse danshi, kada kuma a yi amfani da ɗanyen katako. Kafin a sa buhu ko ɗaya, mutum ya shiga kwantenar a rufe shi a ciki na minti ɗaya. Duk inda ya ga haske, nan ruwa zai shiga. Yanzu da ake iya rufe kwantena tun daga tashoshin tudu na Kaduna da Dala, wannan aiki ya dawo hannunmu, ba sauran cewa laifin 'yan Legas ne.

Ƙaryar nauyi tana da ƙanwa wadda ta fi ta muni, ita ce ƙaryar abin da ke ciki. Kaya masu hatsari, irin su sinadarin tsabtace ruwa, batir, ruwan batir, fenti da kayan wasan wuta, suna da wurin zama na musamman a jirgi, nesa da zafin inji da ɗakunan ma'aikata, inda za a iya kai musu ruwa in sun kama. Kuɗin jigilarsu ya fi yawa, takardunsu sun fi wahala, don haka wasu sai su rubuta wani suna. Gawayi ma yana cikinsu, kuma wannan ya shafe mu tunda ana fitar da shi daga Afirka ta Yamma. Gawayin da bai gama hucewa ba yana iya yin zafi da kansa a cikin rufaffen akwati har ya kama wuta. Gobarar da ta tashi a jirgin Yantian Express a tekun Atilantika a Janairun 2019, masu binciken Jamus sun fi ɗora ta a kan wata kwantenar gawayin kwakwa da aka rubuta da wani suna daban. A 2021 kuma kwantenar asid da ke yoyo ta yi sanadin ƙonewar jirgin X-Press Pearl a gaɓar Siri Lanka da kwantena 1,486, ƙwayoyin roba suka rufe bakin teku, masunta suka rasa abin yi. Ma'aikatan irin waɗannan jirage ba su fi mutum ashirin da 'yan kai ba, ba kuma motar kashe gobara da za ta zo. A gobarar jirgin Maersk Honam ta 2018 mutum 5 ne suka rasa rayukansu. Wanda ya ɓoye sunan kayansa don ya rage 'yan daloli, da ran waɗannan bayin Allah yake caca, kuma ban ga sunan da ya dace da hakan ba sai ha'inci.

Ba kwantena kaɗai ke tafiya a ruwa ba. Hatsin da aka zuba tsaba yana gangarawa gefe guda in jirgi ya karkata, kuma ba ya dawowa. Haka jirgin Pamir ya kife da sha'ir a 1957, mutum 6 suka tsira cikin 86. Ƙasar ma'adinai mai danshi kuwa girgiza tana mai da ita taɓo, kamar yadda ya faru da jirgin Bulk Jupiter a 2015, inda mutum ɗaya ya rayu cikin 19. Jirgin Golden Ray ya kwanta a gefensa da motoci fiye da 4,000 a bakin tashar Brunswick ta Amurka a 2019, don kawai an shigar da adadin ruwan daidaita jirgi ba daidai ba a kwamfuta. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne jirgin fasinja na Sewol a Koriya ta Kudu, a ranar 16 ga Afrilu, 2014: an yi masa lodi fiye da ƙima, ba a ɗaure kayan da kyau ba, ya sha kwana kaya suka zame gefe guda. Mutum 304 suka mutu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare. Mai shiga kwalekwale a Yawuri ko tafkin Cadi, inda ake ɗora babura da buhuna da mutane wuri ɗaya ranar kasuwa, ya san wannan labari ba na nesa ba ne, kuma in fasinja ya yi magana bai yi laifi ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saura maganar kuɗi, wadda 'yan kasuwa da yawa ba sa sani sai ta faɗo musu. Takardar da kamfanin jirgi ke bayarwa cewa take yi ya karɓi akwati a rufe, mai kaya ne ya yi lodi, shi ne kuma ya faɗi abin da ke ciki. In kaya suka lalace saboda mugun lodi, kamfanin ba ya biya, inshora ma tana iya zamewa in kai ko yaranka kuka yi lodin. Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'idar teku da ta ce in aka yi asara ko aka kashe kuɗi don ceton jirgi da abin da ke cikinsa, duk mai kaya a jirgin zai ɗauki rabonsa gwargwadon darajar kayansa. An yi amfani da ita bayan gobarar Maersk Honam, an kuma yi bayan jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez a 2021. Ma'anarta, ko ƙwarzane kwantenarka ba ta yi ba, ba za a sakar maka ita ba sai ka ajiye kuɗi ko kamfanin inshora ya tsaya maka. Mai inshora takarda zai miƙa. Marar ita sai ya nemo tsabar kuɗi, kayansa suna zaune a tasha kuɗin ajiya yana hawa.

Don haka, ɗan'uwa mai shigo da kaya ko mai fitarwa, kada ka bar wa ejan komai. Ka ce a turo maka hoton kwantena tun tana fanko, da lokacin da aka kai rabi, da bakin ƙofa kafin a rufe, da lambar hatimi. Ka nemi takardar sikeli ka gwada ta da abin da aka rubuta. In kuna haɗa kwantena ɗaya ku da yawa, ka tambayi abin da sauran suka sa, don batir ɗin wani zai iya cinye atamfarka. Ka faɗi ainihin sunan kayanka ko da zai ƙara maka kuɗi, kuma ka yanki inshora kafin jirgi ya tashi.